Maikel Faradai: Ɗan Maƙerin Da Ya Shiga Cikin Akwatin Wuta

Jama'a, duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da kan faru da hunturu, idan mutum ya tuɓe rigar sanyi ta nailan cikin duhu: sai ya ji ƙas-ƙas, wani lokaci har ya ga tartsatsi kamar an ƙyasta ashana. Yaranmu da aka haifa a nan ba su cika sanin wannan ba, don iskar nan tana da laima, laima kuwa takan kwashe abin tun bai taru ba. To wannan ɗan tartsatsi da walƙiyar damina da wutar da ke juya fanka duk dangi ɗaya ne. Mutumin da muka ɗauko tarihinsa a wannan fitowa yana cikin na gaba-gaba da suka tabbatar wa duniya haka, kuma shi ne ya bi diddigin yadda wutar ke zama a jikin ƙarfe da gilashi da iska. Sunansa Maikel Faradai, Baturen Ingila.

An haife shi ran 22 ga Satumba 1791 a wata unguwa da ke kudancin birnin Landan. Iyayensa baƙi ne a garin. Daga wani ƙauye na arewacin Ingila suka yi ƙaura zuwa kudu neman abinci, ba da daɗewa ba kafin haihuwarsa, abin da mu ba sai an yi mana dogon bayani a kansa ba. Uban, Jemis, maƙeri ne, amma ba ya da cikakkiyar lafiya, saboda haka sau da yawa maƙerar a rufe take. 'Ya'ya huɗu ne, Maikel na uku. A shekarar 1801 da aka yi tsadar hatsi, an ba yaron burodi guda ɗaya wanda zai yi mako yana ci. Karatun da ya samu bai wuce ya iya karanta takarda, ya rubuta, ya yi ɗan lissafin kuɗi ba.

Yana ɗan shekara 13 aka kai shi shagon wani mai sayar da littattafai da yi musu bango, sunansa Joj Ribo, a matsayin yaron aike. Aikinsa raba jarida: ya kai wa wannan, in ya gama karantawa ya karɓo ya kai wa wancan, don a lokacin jarida tsada gare ta, haya ake bayarwa. Bayan shekara guda, a 1805, maigidan ya ga yaron na da amana, sai ya ɗauke shi koyon sana'a na shekara 7, bai kuma karɓi ko kwabo na kuɗin koyo ba, alhali al'adar garin sai an biya.

Wannan Ribo ya cancanci a tsaya a kansa. Littattafan mutane ake kawowa a ɗinke, shi kuwa yaro in aka tashi aiki sai ya zauna ya karanta. Wani ubangidan da tuni ya yi masa tsawa, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ribo bai hana ba, har ma ya bar masa wuri a bayan shago yana 'yan gwaje-gwajensa. Cikin abin da ya faɗo hannunsa akwai wani juzu'i na babban kundin nan na Biritanika, inda ya tarar da dogon bayani kan lantarki, da kuma littafin wata mata mai suna Jen Marset, wanda ta rubuta don koya wa talakawan masu karatu ilimin sinadarai. Da tsofaffin kwalabe da guntayen katako ya harhaɗa ɗan injin da ke tara wuta ta hanyar gogawa. Daga 1810, shekarar da ubansa ya mutu, ya riƙa zuwa lacca da dare a gidan wani maƙerin azurfa, sule guda kowace lacca, wansa Robat, wanda ya gaji ƙira, shi ke biya masa.

A 1812 wani mai sayayya a shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin Hamfiri Debi, wanda a lokacin babu masanin sinadarai da ya kai shi suna a Ingila. Ana yin laccocin a Cibiyar Kimiyya ta Sarauta, inda masu hannu da shuni ke cika zaure. Faradai ya halarci guda 4, ya rubuta duk abin da ya ji, ya yi zane-zane, ya ɗinke shi littafi mai shafi wajen 300 da hannunsa, ya aika wa Debi tare da roƙon aiki. Da fari ba gurbi. Amma sai wani sinadari ya fashe ya ji wa Debi ciwo a ido, ya nemi wanda zai riƙa yi masa rubutu na 'yan kwanaki. Ba a jima ba kuma aka kori yaron ɗakin gwaji saboda faɗa. Ran 1 ga Maris 1813 aka ɗauki Faradai a gurbinsa, sule 25 a mako da ɗaki biyu a saman bene. Wankin kwalabe da share ɗaki na cikin aikin.

Watan Oktoba na wannan shekara Debi ya tashi rangadin ƙasashen Turai, duk da cewa Ingila da Faransa na cikin yaƙi, don Nafoliyon ya ba shi izinin shiga. Baransa ya ƙi tafiya, sai aka roƙi Faradai ya riƙe aikin bara na ɗan lokaci kafin a samu wani. Ɗan lokacin nan ya zama wata 18. Matar Debi, wata mai kuɗi, ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba: a wajen keken doki yake zama, da barori yake cin abinci. Ya sha tunanin ya ajiye aikin ya koma ɗinkin littafi. Amma a tafiyar nan ce ya ga Amfiya a Faris, ya ga an ƙona lu'ulu'u da hasken rana a Fulorans, ya hau dutsen Besubiyas mai aman wuta, kana a Milan ya sadu da tsoho Bolta, wanda ya ƙago batir a 1800. Wanda bai shiga jami'a ba, wannan ce ta zame masa jami'a.

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi inda ilimin lantarki ya tsaya lokacin da ya shigo shi, in ba haka ba ba za a gane abin da ya ƙara ba. Tun zamanin Yunanawa an san cewa akwai wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, wanda in an goga shi da ulu sai ya riƙa jawo tsinke da gashin tsuntsu. Daga sunan wannan ƙaro a harshensu Turawa suka samo kalmarsu, mu kuma muka are ta ta zama lantarki. A 1729 wani marini ɗan Ingila, Istifin Gire, ya gano cewa wannan ƙarfi yana bin igiya ya yi tafiya mai nisa, in an rataye igiyar da zaren siliki. In kuwa da siririyar wayar tagulla aka rataye ta, sai ya zurare ya ɓace. Nan aka fara raba kaya gida biyu: masu ba wuta hanya, kamar ƙarfe, da masu tare ta, kamar siliki da gilashi. A 1733 wani Bafaranshe, Dufe, ya nuna cewa caji iri biyu ne, iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Binjamin Faranklin na Amurka ya sa musu alamar ƙari da ta ragi, alamomin nan da muke gani a kan batir. A 1785 kuma Kulom na Faransa ya auna, ya ga in tazara ta ninka biyu ƙarfin ja yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun ɗauka cewa caji yana jan ɗan'uwansa ne daga nesa kai tsaye, abin da ke tsakaninsu ba ruwansa.

A 1820 wani malami a Danmak mai suna Osted ya lura cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkata allurar kamfas. Watan Satumba 1821 Faradai ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kofi mai ruwan zaiba, ya sako waya daga sama, ya haɗa da batir, sai ga waya tana zagaye maganaɗisu ba tsayawa. Kakan duk wata mota ta lantarki ke nan, daga ta fanka har ta injin niƙa. Wata uku kafin wannan ya auri Sara Banad, 'yar wani maƙerin azurfa na cocinsu. Su 'yan wata ƙaramar ɗarika ce ta Kirista da ake kira Sandimaniya, wadda ke ƙin tara dukiya, kuma har ya mutu bai bar ta ba.

Sai dai nasarar ta zo da tsiya. Aka baza magana a gari cewa ya saci dabarar wani babban masani, Wolastan, wanda ya gwada abu mai kama da haka bai samu ba. Shi Wolastan bai ɗauki abin da zafi ba. Wanda ya ɗauka da zafi shi ne Debi. Da abokai suka sa sunan Faradai don shiga Ƙungiyar Masana ta Sarauta, Debi, wanda ke shugabancinta, ya nemi ya janye, ya kuma bi mutane yana hana su goyon baya. A Janairu 1824 aka yi zaɓe, ƙuri'a ɗaya tak ta ƙi shi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan ciwo sarai. Akwai ubangidan da zai ɗauko yaro daga titi, ya ciyar da shi, ya koya masa ciniki, amma ran da aka ce masu saye sun fara tambayar yaron da sunansa, ran nan zama ya ƙare. Ba za mu hana Debi ladarsa ba, shi ya buɗe ƙofa, amma a nan ya yi ƙaranta. Bayan haka ma aka ɗora wa Faradai aikin narka gilashin madubin hangen nesa, ya ci masa shekaru ba tare da wata riba ta a zo a gani ba. Sai bayan Debi ya mutu a 1829 ya samu kansa. Duk da haka bai bari a zagi tsohon maigidansa a gabansa ba.

Ran 29 ga Agusta 1831 ya ɗauki wani zoben ƙarfe, ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Duk lokacin da ya haɗa ta farko da batir ko ya cire, sai wuta ta motsa a ta biyu. Taransifoma ke nan. Bayan 'yan makonni ya ga in ya zura maganaɗisu cikin naɗin waya ya zaro, wuta takan samu ba tare da batir ba. Janareta ke nan, daga ƙaramin da ke ƙofar shago har manyan injunan Kainji. Wannan shi aka fi saninsa da shi, kuma an sha ba da labarinsa, don haka ba za mu daɗe a kai ba. Mun fi son mu zauna a kan aikin da ya biyo baya, wanda ba a cika faɗa ba.

Da farko ya so ya san ko wutar gogawa da ta batir da ta maganaɗisu da ta kifi abu ɗaya ne. A 1833 ya nuna cewa duk ɗaya ne, bambancin yawa da ƙarfi ne kawai. Wanda minjirya ta taɓa kamawa a kogi ya san irin wutar kifin da ake nufi, shi ma daga baya an kawo masa wani dogon kifi mai wuta daga Kudancin Amurka ya yi gwaji da shi. A wannan shekara ya ga wani abin mamaki: ruwa yana ba wuta hanya, amma da ya daskare ya zama ƙanƙara sai ya tare ta. Ya kuma sami wani haɗin azurfa da farar wuta wanda ke ƙara ba wuta hanya in ya yi zafi, saɓanin ƙarfe. Daga nan ya fara shakkar rabon nan na gida biyu. A ganinsa mai ba da hanya da mai tarewa bakin igiya ɗaya ne, wannan a nan wancan a can, sauran kaya kuma suna tsakani. Irin waɗannan na tsakani su ne yau ake ƙera cikin rediyo da wayar hannu da su.

Sa'an nan sai batun akwati. A Janairu 1836 ya sa aka haɗa masa wani ɗaki na katako a tsakiyar zauren lacca, ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 12 bisa. Aka zagaye shi da wayar jan ƙarfe, aka lulluɓe da takarda mai ɗauke da fallayen ƙarfe, aka ɗora shi kan ƙafafun gilashi don kada wuta ta zurare ƙasa. Aka haɗa shi da babban injin gogawa, aka yi ta juyawa har tartsatsi na tashi daga kowace kusurwa ta waje. Shi kuwa sai ya ɗauki kyandir da na'urorinsa na gane caji ya shige ciki ya zauna. Ya duba ko'ina, ko alamar wuta babu. Faranklin ya taɓa ganin irin haka da ɗan gwangwani a 1755, amma bai shiga da jikinsa ba, bai kuma bi abin har ƙarshe ba.

Ina dalili? A yau an san cewa kowane abu, daga dutse har naman jikinmu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom. Tsakiyar ƙwayar na da cajin ƙari, kewaye da ita kuma akwai wasu ƙanana ƙwarai masu cajin ragi, su ne ilektiron. Yawanci ƙari da ragi daidai suke, shi ya sa ba ma jin komai. Gogawa ba ta ƙirƙirar caji, kwasar ilektiron take yi daga wannan abu ta zuba wa wancan, ɗaya ya yi rara ɗaya ya yi giɓi. To a cikin ƙarfe wasu ilektiron sake suke, kamar 'yan talla, duk inda suka ga dama za su. In aka ƙara wa ƙarfe caji, tun da iri ɗaya ne suna ƙin juna, kowa sai ya gudu iyakar nisan da zai iya, wato fatar waje. Can sukan jeru yadda turin wannan gefe zai kashe na wancan, ciki ya zauna lafiya lau. Faradai bai san ilektiron ba, sai 1897 aka gano shi, shekara 30 bayan mutuwarsa. Da gwaji kawai ya kai ga hukuncin.

Wannan ne ya sa in aradu ta faɗa wa mota mai rufin ƙarfe, na ciki kan tsira, muddin ba su riƙe da ƙarfen jikinta. Mutane kan ce taya ce ta cece su, ba haka ba ne, wutar da ta keto sararin sama ba 'yar roba ce za ta tsayar da ita ba. Jikin motar ne ya karɓa ya zagaya da ita ƙasa. Mai babur ba ya da wannan kariya. Jirgin sama ma haka yake tsira, kuma dalilin ke nan da wayar hannu kan rasa sabis cikin lif ko kwantena.

Amma tambayar da ta fi damunsa ita ce ta masu tare wuta. Mai karatu ya gwada wannan a gida, ranar da iska ta bushe: a goga matajin roba a busasshen gashi, a kusanto da shi ga 'yan guntayen takarda, za a ga sun yi tsalle sun manne. Takardar nan ba a goga ta ba, ba ta da rara ba ta da giɓi, kuma ba ta ba wuta hanya. To me ya ja ta? Amsar ita ce, ilektiron na takarda ba 'yan talla ba ne, masu rumfa ne, kowa a ɗaure yake da wurinsa. Amma mai rumfa, ko da ba zai bar rumfa ba, yana iya matsawa baya ko ya leƙo gaba. Matajin ya kwaso cajin ragi daga gashi. Da ya matso, sai ilektiron na kowace ƙwaya ta takarda su ɗan ja da baya, gefen da ke fuskantar mataji ya zama na ƙari, na nesa ya zama na ragi. Na kusa ana jansa, na nesa ana ture shi, amma tun da ƙarfin yana raguwa da nisa, ja ya rinjayi turi, takarda ta tashi. Ƙwaya ba ta rasa komai ba, ta dai juya fuska ne ta zama mai gaba da baya.

Faradai ya ce ashe ta haka ƙarfin ke tsallakawa, wannan ƙwaya ta karkata ta karkatar da maƙwabciyarta, ita ma ta karkatar da ta gaba, kamar yadda ake miƙa bulo hannu da hannu wajen gini. In haka ne kuwa, lallai abin da ke tsakani yana da ruwa da tsaki, saɓanin abin da manyan masana lissafi suka ɗauka. A 1837 ya ƙera abin da zai raba gardama. Ya yi ƙwallayen tagulla, ƙarama cikin babba da sarari tsakaninsu, ya yi irinsu biyu daidai wa daida. Ɗaya ya bar iska a sararin, ɗaya ya zuba wani abu mai tare wuta: gilashi, ko farar wuta, ko wani ƙaro da ake samu daga jikin ƙwari a Indiya. Ya yi wa ɗaya caji, ya haɗa su su raba. Da abin da ke tsakani ba ya da tasiri, da rabi da rabi za su yi. Sai ga shi mai ƙaro ya kwashi kaso mafi yawa. Da ya yi lissafi, ƙaron da farar wutar suna sa a riƙe caji kimanin ninki biyu na abin da iska ke bari a riƙe. Kowane abu da nasa ma'auni. An gano daga baya cewa wani attajirin masani, Kabandish, ya auna irin wannan shekaru sittin da suka wuce amma ya ɓoye a akwati, sai 1879 aka buga takardunsa. Ilimin da aka kulle dai bai amfani kowa ba.

Ya kuma lura cewa karkatar nan tana da iyaka. In aka matsa wa mai tare wuta fiye da ƙarfinsa, sai ya ɓalle ya ba da hanya. Busasshiyar iska takan ɓalle a wajen bolt 30,000 kan kowace santimita, walƙiya ke nan, tartsatsin rigar hunturu ma ke nan. A nan muna da magana da 'yan'uwanmu masu kafa rumfar kwano ƙarƙashin manyan wayoyi, da masu hawa saman lodi a tirela. Wayoyin nan na bolt 11,000 ne ko 33,000, ba irin na cikin gida ba, kuma ba su da riga. Ba sai an riƙe su ba, kusanta ta isa. Silifas ba ya hana su, sandar da ta jiƙe ba ta hana su, jikin mutum kuwa ruwa ne da gishiri, hanya ce buɗaɗɗiya. Tsuntsu yana zama a kai lafiya don waya ɗaya ya taka, bai taɓa ƙasa ko wata wayar ba.

A 1843 ya ƙara wani gwaji da bokitin ƙarfe na zuba ƙanƙara. Ya zura ƙwallo mai caji a ciki da zaren siliki, bai bari ya taɓa ba, nan take caji daidai da na ƙwallon ya bayyana a bayan bokiti. Da ya bari ya taɓa gindin, ƙwallo ya fito fanko, na bayan bokiti kuma bai ƙaru ba bai ragu ba. Wato caji ba ya samuwa daga babu, ba ya kuma ɓata, wuri kawai yake sakewa.

Duk wannan ya yi shi ba tare da ya iya babban lissafi ba. Littattafansa na lantarki bayani ne da zane, shi ya sa wasu masana suka riƙa yi wa batunsa na layukan ƙarfi da ke cika sarari kallon tatsuniya. Sai da wani saurayi ɗan Sikotlan, Jemis Makswel, ya zauna tun daga 1855 ya mayar da tunanin tsohon zuwa lissafi, aka ga ashe daidai yake. Daga lissafin nan aka gane cewa haske ma dangin lantarki ne, daga nan kuma rediyo ta fito.

Batun kuɗi kuwa, ɗan kasuwa zai yi ta girgiza kai. A 1830 ya samu fiye da fam 1,000 daga gwaje-gwajen da yake yi wa masu masana'antu da kotuna, alhali albashinsa fam 100 ne a shekara da gida da gawayi da kyandir. Ya bar wancan ciniki don ya samu lokacin bincike. Bai yi rajistar mallakar ko ɗaya daga abubuwan da ya gano ba. Aikin jama'a ne bai ƙi ba: ya yi kusan shekara 30 yana ba da shawara kan fitilun hasumiyoyin bakin teku, a 1844 ya je binciken fashewar mahaƙar kwal ta Haswel inda mutum 95 suka mutu, ya nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa wutar ƙarfi, a 1855 ya rubuta wa jarida kan ƙazantar kogin Landan. Da gwamnati ta nemi taimakonsa wajen haɗa iska mai guba lokacin yaƙin Kirimiya, ya ƙi. An ba shi shugabancin Ƙungiyar Masana, kujerar da Debi ya zauna, ya ce a kai kasuwa. Bai haihu ba, amma laccar yara ta lokacin Kirsimeti da aka fara a cibiyarsa a 1825, shi da kansa ya gabatar da ita sau 19, kuma har yau ana yinta.

Tun 1839 mantuwa da jiri suka fara kama shi, har ya yi shekaru bai yi aikin kirki ba. Ya farfaɗo, a 1845 ya gano cewa maganaɗisu yana iya murɗa haske, da wani guntun gilashin nan da ya sha wahalar narkawa a zamanin Debi. Amma mantuwar ta yi ta ƙaruwa, har yakan maimaita gwajin da ya riga ya gama bai sani ba. A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hamton Kot. Ya yi laccarsa ta ƙarshe a 1862, ya ajiye sauran ayyukansa a 1865. Ran 25 ga Agusta 1867 ya mutu a kan kujerarsa, saura ƙasa da wata guda ya cika 76. Ya riga ya ƙi a binne shi a cocin Wesminista inda ake binne sarakuna da manya, saboda haka aka kai shi maƙabartar Haiget, aka rubuta sunansa da ranar haihuwa da ta mutuwa a kan dutse. Sara ta bi shi a 1879, kabarinsu ɗaya.

Daga 1991 zuwa 2001 hotonsa na kan takardar fam 20 ta Ingila. A wani taron masana a Faris a 1881 aka sa wa ma'aunin riƙe caji suna farad. Idan fanka ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda, mai gyara yakan ciro wani ɗan abu da suke kira kafasita, wanda cikinsa fallayen ƙarfe biyu ne da siririyar leda a tsakani, aka naɗe kamar tabarma. A duba jikinsa, bayan lambar akwai harafin F.